Fim ɗin Maraɗi da bakin Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in zazzage ta kowa ya ji. In dai kallon fim ɗin Hausa ne ban ga garin da zai gwada ma Maraɗi ba. Ka bi fada-fada da dare, daga Zariya har Bagalam, daga Ali Ɗan Sofo har Sabon Gari, za ka tarad da samari sun haɗa kai bisa waya guda, shayi na tafasa ana kallo. Mata cikin gida haka, mai tebur haka, ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja ƙarƙashin bedi shi ma haka. Amma ka ce a nuna maka fim guda wanda anka yi nan, da labarin nan, da bakin mutanen nan, wanda za a zauna a kalle shi har ƙarshe ba a tsallake ba, sai ka ga an fara sosa ƙeya.

Kada wani ya ce ina hassada da Kano, walle ko kusa. Mutanen nan sun yi abin a yaba. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya bisa kaset, ba gwamnati ba Bature, da kuɗɗin aljihunsu sunka gina sana'a guda wadda yau ke ciyar da dubban gidaje. Mu nan kaset ɗin ta Jibiya da Ɗan Isa yake shigo mana, daga baya CD, yanzu kuma ko iyaka ba ya sani. Har namu sun tahi can sun yi suna, Fati Nijar ai ɗiyar Maraɗi ce, sai da ta ƙetara sannan duniya ta ji muryarta. Abin da ke damuna shi ne mun zauna mun zama ƴan kallo kawai, shekara talatin da wani abu, har yaranmu sun ɗauka in ba da bakin Kano anka yi magana ba to ba fim ba ne.

Ga kuma ɗaya gefen, na waɗanda ke zuwa daga nesa su ɗauke mu. Duk wanda ke da wayo a 2005 ya tuna yadda garin nan ya cika da ƴan jarida na ƙasashen waje lokacin yunwa. Manyan motoci farare, kamarori bisa kafaɗa, kowa na neman inda ake jinyar yara masu tamowa. Ba ƙarya sunka ɗauka ba, yunwar an yi ta, yara sun mutu, kuma hotunan sun sa taimako ya zo, wanga ba a musu. To amma shi ke nan abin da duniya ta riƙe. Ka rubuta sunan garinmu cikin intanet ka nemi bidiyo da turanci ko faransanci, uwa ce riƙe da ɗa bisa tabarmar asibiti, ƙuda na bin idonshi, ita kuma ba wanda ya tambaye ta ko da sunan ƙauyensu. Matar nan tana da gona, tana da kishiya, tana da waƙar da take yi in tana daka, tana da dariya, tana da ra'ayi bisa wanda ya saye hatsi ya ɓoye. Duk babu. An zo kwana kaɗan an ɗauki abin da anka zo nema an hau jirgi.

Ko labarinmu mai daɗi ma haka yake. Itatuwan da manoman jihar nan sunka raya cikin gonakinsu tun wajen 1983, gawo da kalgo da sauransu, ta hanyar sassabe mai kyau ana barin tohon kututture ya girma, abin da ake ƙiyasin ya kai hekta miliyan 5 a Nijar, duniya ta san shi da sunan Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zauna nan, har ya samu babbar kyauta a 2018. Ya cancanta, ya yi aiki. Amma ina fim ɗin manomin da ya fara yarda, wanda maƙwabta sunka yi ma dariya sunka ce gonarshi ta yi datti, wanda ke kwana yana gadin icce kada a sare da dare? Wanga labarin da Hausa ya faru, da Hausa ya kamata a ba da shi, kuma ɗan manomin ne ya fi kowa sanin inda zai aza kamara.

Abin da yawancin yaranmu ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne tunda ba a koya shi lakkwal, Nijar tana cikin na gaba-gaba a fim ɗin Afirka. Zamanin mulkin mallaka akwai dokar Faransa ta 1934, wadda ake kira da sunan Laval, da ta hana a ɗauki fim cikin ƙasashen da take mulka sai da izini, kuma baƙar fata ba ya ganin izinin nan. Bature ke riƙe da kamara, mu muna gabanta. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi rayuwarshi yana ɗaukar mutanen Nijar har ya rasu bisa hanya kusa da Birnin Ƙonni a 2004, shi ya gamu da Oumarou Ganda a Abijan, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indoshin yana dako bakin tashar jirgin ruwa. Ya sa shi cikin fim a 1958. Ganda bai tsaya nan ba, ya dawo gida ya koyi aikin ya koma bayan kamara, ya ba da labarin tsohon soja da kanshi yadda ya ji shi a jikinshi. A 1972, sa'ad da FESPACO, gasar finafinan Afirka ta Wagadugu, ta fara ba da babbar kyautarta ta dokin Yennenga, shi ya fara ɗaukarta, da fim bisa wani alhaji mai ƙara aure. Ɗan Nijar, ɗan dako. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, shi ya sa kuke jin sunanshi bisa gidan raya al'adu na Yamai.

Sai Moustapha Alassane, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa har rasuwarshi a 2015. Shi mutumin nan da hannunshi yake zana kwaɗi yana motsa su hoto bayan hoto, yana yi ma shugabanni masu son girma shaguɓe, tun farkon samun ƴancin kai. A 1966 ya yi wani fim da nike so kowane yaro mai son sana'ar nan ya nema ya kalla: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba ma abokanshi, sunka sa malafa sunka hau dawaki sunka canja sunaye, daga nan sunka zame ma garinsu bala'i. Zalika Souley na ciki. Shekara kusan 60 ke nan, amma ciwon da ya nuna shi ne dai namu na yau, mutum ya ari kayan wani ya yafa har ya manta kamanninshi.

To mi ya kashe wancan zamanin? Ni a ganina tushen ne ba ya hannunmu. Kuɗɗin daga Faransa, wankin fim ɗin a Faransa, haɗa shi a Faransa, masu kallon farko ma can suke. Ranar da famfon ya rage ruwa sai aikin ya tsaya, gidajen silima sunka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ko labarin Sarauniya ta Lugu, wadda ta tari sojan Faransa a 1899, da Abdoulaye Mamani ya rubuta, fim ɗinshi a Burkina Faso anka ɗauke shi, ya fito 1986, ya ci kyautar Wagadugu 1987. Talakan Maraɗi nawa sunka taɓa ganin waɗannan finafinan? Kano kuwa da nata kuɗɗi ta fara, ga nata masu kallo, shi ya sa ta rayu. Darasi biyu ke nan gabanmu, na Yamai mai zurfin tunani amma ba kasuwa, na Kano mai kasuwa, kuma ba wanda ya ce sai mun zaɓi guda mun yar da guda.

Ba a ce an daina gaba ɗaya ba. Sani Magori ɗan Galmi, wanda ilimin noma ya karanta, ya yi fim a 2008 bisa albasa, manomi da auren ɗiyarshi na jiran kaka, in albasa ta yi kuɗɗi a ɗaura in ta faɗi a ɗaga. Daga baya ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta sunka tura samarin garinsu bariki, har da mahaifinshi, ya kai ta Abijan ta yi ma uban waƙar da za ta maido shi gida. Wane baƙo zai san akwai labari nan? Aïcha Macky ta Damagaram ta yi nata bisa rashin haihuwa a 2016, da ciwon kanta ta fara, sannan a 2021 ta shiga unguwar Kara-Kara wurin samarin da kowa ke tsoro ta zauna da su har sunka saki jiki. Sun saki jiki ne don ɗiyar garin ce, tana jin abin da sunka faɗa da wanda sunka haɗiye. Galmi ta yi, Damagaram ta yi, mu muna tsakiyarsu.

Yanzu bari in zo gida. Ɗan yayata na cikin wata ƴar ƙungiya ta samari da ƴanmata masu yin gajerun finafinai suna sawa YouTube da TikTok, kuma kwanakin baya sunka roƙi a ba su aron tsakar gidan gwaggona don turnaj, wato ɗaukar fim, ni na yi masu iso na zauna gefe ina kallo. Wallahi sun burge ni. Waya biyu, batirin caji guda da ake ta karɓa-karɓa, ƙaramin mikoro da sunka ɗaure da roba bisa sandar gora wani dogo na riƙe da ita sama da kan masu magana har hannunshi na rawa, kwali da sunka manne ma takardar ƙyalli ta cikin kwalin shayi don ya maido haske bisa fuska. Realizatar ɗin, wato mai ba da umarni, yaro ne da bai wuce ashirin da ƴan kai ba, senariyo, wato rubutaccen labarin, cikin kaye na lakkwal an rubuta da bik, duk ya naɗe don zufa. Da an ce a fara sai injin niƙa na maƙwabta ya tashi. A jira. Ya mutu, sai kabu-kabu ya ratso lungu yana oda. A jira. Ga akuya, ga mai tallar ƙanƙara, ga la'asar ta gabato. Ba wanda ya yi fushi, sai dai a ce a sake.

Wurin da ake ɗauka, yarinya ce ke gaya ma uwarta ba ta son mijin da anka zaɓa mata. An sa ma yarinyar doguwar riga mai duwatsu da gashin ido na kanti, tana tsaye tsakar gida kusa da turmi, ta buɗe baki sai ga Kananci tsantsa, irin na cikin falo mai kujerun alfarma, har da turancin Najeriya tana sakawa. Wadda ke uwar ita ma ta amsa da irin nashi. Gwaggo na bakin ɗaki tana gyaran zogala, ta saurara ta saurara, can ta ɗago ta ce ma realizatar, "Kai ɗana, zo nan. Wagga ɗiya ta wane gari ce?" Ya durƙusa ya ce, "Inna, ta nan ce, ɗiyar gidan nan ce a cikin wasan." Ta ce, "A'a. Ɗiyar gidan ga ba ta tsayuwa bisa kan uwarta tana nuna ta da hannu. In maganar ta yi mata nauyi ɗakin kakarta za ta, ta zauna bakin gado ta yi ta kuka ba ta ce komi, ita tsohuwar ta san abin da ya kawo ta, ita za ta kai maganar gaba." Ta koma ga zogalarta.

Yaron ya yi shiru, ya buɗe kayenshi ya duba, ya ce, "Inna, in mun sake, za ki zama kakar?" Ta ce Allah ya tsare ta da shiga waya, amma ta yarda ta gaya ma wadda za ta hau matsayin abin da tsohuwa ke cewa a irin wanga wuri. Sunka cire gashin idon, anka ara ma yarinyar zane da hijabi na gida, anka koma ɗaki mai duhu da ƙofa a buɗe don haske ya shigo ta gefe. Yarinyar ba ta furta kalma ko guda ba. Wadda ke kakar ta ce abin da gwaggo ta koya mata, da bakinmu, a hankali, tana ɓare gujiya. Ni da ke tsaye bayan mai waya sai da idona ya kawo ruwa, kuma na ga mai riƙe da gora shi ma ya sunkuyar da kai.

Wanga shi ne abin da nike nufi in na ce labarinmu. Ba a kamara yake ba. Kana iya zama haifaffen Mokoyo, kamararka taka, kuɗɗinka naka, amma idon da kake kallon gidanku da shi aro ne. Yaran nan ba raina gida sunka yi ba, abin da sunka tashi suna gani ne, sun ɗauka haka ake fim: falo, mota, ɗan alhaji ya dawo daga waje, a shiga lambu a yi rawa. Ba su taɓa ganin tsakar gida irin tasu bisa allo an ɗauke ta da mutunci ba, in ba cikin fim ɗin tallafi ba inda ake nuna ta a matsayin matsala. Kuma har yau in an sa mai bakin Gobir ko na Katsinan Maraɗi cikin fim, galibi baƙauye ne ko mai gadi, wanda za a yi ma dariya. Yaro na ganin haka zai so ya yi magana irin ta ubanshi gaban kamara? Ousmane Sembène na Senegal, da ake kira uban fim ɗin Afirka, da faransanci ya fara, amma a 1968 ya juya ya yi da Wolof don uwayen da ba su shiga lakkwal ba su ji. Mu namu ya fi sauƙi ma, harshen guda ne, mu dai daina jin kunyar yadda muke furta shi.

Sai maganar sauti, wadda in na samu yaran nan ita nike fara yi masu. Kowa burinshi waya mai kamara uku, ko ya yi hayar ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama a nuna babbar kasuwa da rufin kwano. Ba wanda ke tunanin kunne. Alhali mutanenmu da kunne suke kallo, mun tashi da rediyo da tatsuniya da wasan kwaikwayo na Muryar Sahel, mace na girki wayar na bisa taga tana bin labari ba ta ko dubawa. Hoto in ya ɗan yi duhu za a yi haƙuri, amma in magana ba ta fita, iska na bugun mikoro, ko an ɗora kiɗa ya danne ta, nan take a wuce. In kuna da jikka kaɗan ku fara sayen mikoro da abin sawa a kunne kafin komi. Ku kashe fanka lokacin ɗauka ko da zafi zai kashe ku. Ku san lokacin unguwarku, bayan asuba zuwa hantsi gari ya fi shiru kuma hasken ya fi taushi, tsakar rana fuska baƙi take fitowa ido ya faɗa rami. In kun gama magana ku bar mikoro a buɗe minti guda kowa ya yi shiru, ku ɗauki ƙarar wurin kanta, za ta yi maku rana wurin montaj, wato haɗa fim ɗin. Lokacin buɗa da ƙura kuma a rufe kayan aiki da zane.

Montaj ɗin ma wani yaƙi ne. Ordinatar guda ta aro, kuran na zuwa yana tahiya, kana tsakiyar fitar da fim ta mutu a koma farko, ga forfe da za a saya a ɗora shi bisa intanet rezo na rarrafe. Wanda duk ya ga yadda anka sha duhu a 2023 bayan an yanke wutar Najeriya ya san abin da nike faɗi. Amma ba mu kaɗai ba ne. A Wakaliga, wata unguwar talakawa ta Kampala a Yuganda, Isaac Nabwana da kwamfutocin da ya harhaɗa da hannunshi yake finafinan faɗa da dala ɗari biyu ta Amurka ko ƙasa, har duniya ta san shi. Nan kusa Kaduna wasu yara ƴan uwan juna da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle sunka yi finafinan almara na kimiyya, a 2019 labarinsu ya zagaya duniya har manyan Hollywood sunka aiko masu da kayan aiki. Rashin kaya uzuri ne na gaskiya amma ba shi ne ƙarshen magana ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗɗi. Mai shagon caji da turi yana tura maka fim cikin karti memwar da dala goma ko ashirin, shi ya ci, wanda ya yi fim ɗin ko dala bai gani ba. YouTube sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo kafin a fara biyanka kuɗɗin talla, kuma tallar da ake sawa ga mai kallo daga ƙasashenmu ba ta da tsada. To sai yaran su koma ga abin da ke biya nan take: ɗaukar biki da suna, tallar shago, da kuma porje, wato aikin ƙungiyoyin tallafi. Porje na zuwa da kuɗɗi masu kyau amma da labarinshi a rubuce, an riga an san wa ke da laifi an san yadda za a ƙare, uba jahili, uwa mai kuka, malamar asibiti ta zo ta wayar da kai kowa ya tafa. Ban ce kada a yi ba, abinci ne, kuma wasu saƙonnin na da amfani. Amma wanda ya shekara biyar yana wanga aiki hannunshi na sabawa, ko ya zo yin nashi sai ka ji wa'azin porje na fitowa, mutanen cikin fim ɗin ba mutane ba ne, allon sanarwa ne.

Ni alhazan garin nan nike kallo. Maraɗi da kasuwanci anka san ta, tun zamanin gujiya har zuwa na tiransi, akwai masu gina masallaci da makaranta da rijiya, Allah ya saka masu. Abin da ake kashewa a walimar biki guda ya isa a yi fim mai kyau na awa ɗaya. Sun ƙi ne don a ganinsu fim iskanci ne, kuma a faɗi gaskiya wasu abubuwan da ake sawa TikTok ba su taimaka ba. Garinmu garin malamai ne, uba ba ya barin ɗiyarshi ta tahi turnaj da samarin da bai sani ba, kuma ni ban ga laifinshi ba. Maganin ba zagin iyaye ba ne a ce ba su waye ba. A je a gaida mai unguwa, a kai ma uban yarinya senariyo ya ji abin da za ta faɗa, a tashi aiki kafin magariba, a bar yayanta ko innarta su zo su zauna. Labarin da na gani tsakar gidan gwaggo ba rawa ba waƙa ba taɓa jiki, ba malamin da zai ce a kashe. Sannan a koya ma ƴanmata riƙe kamara da montaj, kada a tsaya ga sa su gabanta kawai, don rabin labarin garin nan cikin gida yake inda namiji baƙo ba ya wuce zaure.

Labarai kuwa sai dai a gaji. Yadda Katsinawa sunka baro birni bayan jihadi Ɗan Kasawa ya kafa sarauta nan, da Gobirawan Tsibiri maƙwabtanmu, dawaki da sulke da yaƙe-yaƙe, wanga sai mai ƙarfi, a bar shi sai gaba. Amma kokowa fa? Kantu namu ne, shi ya fara zama sarkin kokowar ƙasa a Tawa a 1975, filin kokowar garin nan sunanshi gare shi, kuma duk shekara lokacin gasar takobin kokowa ƙasa gaba ɗaya tsayawa take, amma ba fim guda bisa yaron ƙauye da ke son ya zama ɗan kokowa, da bokanshi da makaɗinshi da uwarshi da ba ta so. Rufe iyaka na 2019 da na 2023, ɗan kabu-kabu mai ɗauko esansi ta daji da dare, ɗan kasuwar da tireloli sunka tsaya mashi kaya na lalacewa, auren da rabin dangi ke Jibiya rabi na Ɗan Isa. Ƴan gudun hijirar da sunka shigo yankin Gidan Runji suna tsere ma ƴan bindiga, da ƙauyawan da sunka raba hatsinsu da su tun kafin wata mota mai tuta ta iso. Matan Jiratawa da zogala. Masuntan tabkin Madarunfa. Mai kiwon jar akuya.

Akwai guda da ba ya jira, shi ne ruwan 1945, sa'ad da Gulbi ya cinye tsohon gari na cikin fadama anka tada mutane anka maido su bisa tudu inda muke yanzu. Wanda ke da shekara biyar lokacin yau ya kai tamanin da biyar ko ya haura. Sun rage kaɗan, kuma kowace damina ana rasa wasu. Wanga ba ya bukatar alhaji ko porje ko ordinatar. In akwai irin tsohon nan ko tsohuwa a gidanku, ku saye goro ku je da hantsi, ku zaunar da su inuwa inda haske ke zuwa ta gefe, ku jingine waya bisa wani abu a kwance kada ku riƙe da hannu, ku matso da ita kusa da baki. Ku fara da tambayar sunansu da na iyayensu da unguwar da anka haife su, sannan ku ce su ba ku labarin ruwan, kada ku katse su ko sun ratse zuwa wani zance. In kun gama ku tura ma mutum biyu cikin dangi su aje, don waya ɓacewa take.